Hoton da Ke Kan Katin Yaya

Litinin, da yamma

Yaya, babbar 'yata, ta dawo gida tun kafin rana ta take. Jarrabawar kuwa sai la'asar ya kamata a tashi.

Ina shago ina ɗaukar wani direba hoton lasisi Mamansu ta kira. Ba sallama ba komai, sai "Ka zo gida." Na ce ina da mutum a kan kujera. Ta ce, "To, in ka gama da mutanen kan kujera, akwai na gidanka."

Na tarar da katin shiga jarrabawar a kan teburin falo, an kife shi. Takalmanta a bakin ƙofa, ɗaya ya hau kan ɗaya. Ɗakinsu a kulle. Auta na zaune a ƙasa tana buga ƙofar da tafin hannu tana "Yaya, Yaya," sunan da ta laƙaba mata ke nan har ya bi gidan duka. Shekarar Yaya goma sha bakwai, amma kukan da ke fitowa ta bayan ƙofar na ƙaramar yarinya ne.

Ban juya katin ba. Na san abin da ke kai. Ni na buga shi.

Talata, da rana

Ba ta fito ba. An ajiye abinci a ƙofa, an ɗauke shi yadda yake.

Laraba, bayan azahar

Na je makarantar. Shugabar ta ba ni kujera, ta karɓi katin ta ajiye tsakaninmu.

Ta ce, "Kai ne mahaifin, ko kai ne mai hoton?"

Na ce duka biyun.

Ta daɗe tana kallona kafin ta faɗa min yadda aka yi. Masu sa ido na jarrabawar baƙi ne, ba su san yaran ba. A bakin ƙofa ake duba kowa da katinsa. Da aka zo kan Yaya mutumin ya kalli katin, ya kalle ta, ya ɗaga katin ya kara a gefen kumatunta. Ya kira abokin aikinsa. Su biyu suka tsaya suna kallon fuskarta suna kallon hoto, layi na bayanta har bakin titi. Na biyun ya ce da ƙarfi, "Wannan ai ba ke ba ce. Wa kika zo rubuta wa?" Wani a layin ya yi dariya. Kafin a nemo malamarsu ta zo ta shaide ta, yarinya ta bar wurin.

Na ce haske kawai na ɗan gyara.

Shugabar ta turo min katin da yatsa ɗaya, na ga abin da na riga na sani. Kumatu sumul kamar ɓawon ƙwai. Hanci sumul. Haɓa sumul. Aiki ne mai kyau, ko ni da na yi shi ba na gane inda na taɓa.

Za a bar ta ta rubuta takardar tare da waɗanda rashin lafiya ya hana, nan da 'yan makonni. Amma a kawo sabon hoto. Ta ce, "Nata."

Garin neman gira.

Alhamis, da safe

Haske kawai na gyara. Na faɗa wa Mamansu haka, ta ci gaba da wanke kofuna.

Kowa ana yi masa. Amare, 'yan neman aiki, tsofaffin da ke son a rage musu furfura. Ba wanda ya taɓa dawo min da hoto don ya fi shi kyau.

Juma'a, da yamma

Ta fito. Ta wanke fuska, kuma kamar kullum biyu ko uku cikin ƙurajen sun fashe, akwai ɗigon jini a tawul. Tun tana 'yar shekara shida suka fara, 'yan jajaye a gefen hanci kamar an watsa ƙwayar hatsi. Muka ce zafi ne. Da ta fara girma suka bazu kan kumatu da haɓa, muka ce ƙurajen balaga ne, za su wuce. Ba man da ba mu saya a kemis ba. Tsohuwata kuma tun farko ta yanke hukunci: jinin dangin Mamansu ne, mu a gidanmu fata lafiya lau.

Yaya ta tsaya a ƙofar kicin, ta ba ni baya, ta ce wa uwarta, "Mama, ku kai ni asibiti na gaske. Wajen likitan fata. Na gaji da mai kemis."

Na ce, "Gobe ma in kina so."

Ta ce, "Mama, kin ji?"

Litinin, da la'asar

Ban san ta inda zan fara ba. Bari in fara da benci.

Mun zauna a benci a sashen fata, ni a wannan ƙarshen, su biyu a wancan, wata mata mai jariri a tsakaninmu. Da aka kira mu na tsaya ina tunanin ko in shiga, Mamansu ta ce, "Shigo mana, ko ba 'yarka ba ce?"

Likitar mace ce, ta manyanta, tabarau a rataye a wuya. Ta jawo kujera har gwiwarta na taɓa ta Yaya, ta riƙe haɓarta ta juya ta wajen taga. Ta kalla sosai, ta shafa da ɗan yatsa, ba ta yamutsa fuska ba, ba ta kau da kai ba. Ni na kau da kai, na karanta kalandar bango.

Ta ce ba ƙuraje ba ne, tsiro ne na fata. Ta tambaya ko Yaya ta taɓa suma ko farfaɗiya. A'a. Karatu fa? Mamansu ta ce ita ce ta biyu a ajinsu. Aka kashe fitila, aka ja labule, likitar ta kunna wata 'yar fitila mai shuɗin haske ta duba bayan Yaya da ƙafafunta. Ta ce ga farare-fararen tabo nan, kamar ganye. Ta faɗi sunan ciwon, dogo ne, bai zauna min ba. Abin da ya zauna shi ne ana haihuwar mutum da shi, wani lokaci haka nan yake tasowa, wani lokaci kuma gado ne.

Tana rubutu sai na ga idonta ya tsaya a hannuna da ke kan gwiwa. Na naɗe yatsun. Ta ce, "Malam, mu ga wannan farcen."

Ɗan naman da ke gefen farcen yatsana na tsakiya. Na ce almakashin yankan hoto ne ya taɓa cin wurin. Ta ce na ƙafa fa, akwai? Akwai. Ta sa tabarau, ta raba gemuna da yatsu, ta daɗe a wurin. Sannan ta ce, "Ko za ka cire riga?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na cire, a gaban matata da 'yata, aka sake kashe fitila. Ba na ganin bayana. Na dai ji likitar na cewa "ga ɗaya, ga wani," na ji Mamansu ta ja numfashi.

A bas Mamansu ta kafe ido a taga har muka sauka.

Talata, da safe

Kyan ɗa ya gaji ubansa, in ji masu magana. Ba su shiga ɗakin nan mai shuɗiyar fitila ba.

Laraba, da rana

An ba Yaya man shafawa, a 'yar ƙaramar kwalba, a firij ake ajiye shi kusa da madara. Sau ɗaya a rana, kaɗan-kaɗan, kuma ta guji rana. Likitar ta ce zai rage jan ya kwantar da ƙananan, amma a hankali, kuma in an daina suna dawowa. Manyan sai an ƙone su da injin haske. Ta ce a bari sai bayan jarrabawa.

Ni da Yaya an rubuta mana hoton ƙoda da na kai, wai ciwon ba a fuska kawai yake tsayawa ba. Auta ma a kawo ta a duba.

Mamansu ta fara yi min magana, amma irin maganar da ake yi wa ɗan haya. Ga abincinka. An kawo takardar ruwa. Ka rufe taga.

Alhamis, da hantsi

Ina goge gilashin shago na hango Yaya a tsallaken titi, da kayan makaranta. Na ɗauka nan za ta shigo, har na gyara kujera na kunna fitilun. Ta shige shagon Dogo.

Ni da Dogo mun daɗe muna fuskantar juna a titin nan, kowa na cewa ɗan'uwansa bai iya haske ba. Na tsaya da tsumma a hannu kamar an dasa ni. Na ga walƙiyar kyamararsa ta cikin labule, sau ɗaya. Ta fito da 'yar ambulan, ba ta kalli wannan ɓangaren ba.

Can sai ga Dogo ya tsallako, ya tsaya a ƙofa yana sosa ƙeya.

"Mutumina, 'yarka ta zo min."

Na ce na gani.

"Wallahi na ce mata ta zo nan, ta ƙi. Kuma ta tsaya min a ka har na buga. Na kai hannu zan ɗan rage jan, ta ce, 'Baba Dogo, in ka taɓa ko ɗaya na fasa.'" Ya yi 'yar dariya, ya ga ban yi ba, ya haɗiye. "Ta iya kallon kyamara, ka sani. Ko ƙiftawa."

Na ce masa na gode. Ya ce in na ga dama in zo in ga hoton, yana kan kwamfutarsa. Ban je ba.

Alhamis, da yamma

Wata mata ta zo, ta ce in goge mata tabon da ke goshinta. Na goge. Hannuna bai ko yi jinkiri ba.

Asabar, da la'asar

Tsohuwa ta zo duba Yaya. Ta ji labarin asibiti a bakin ƙanwata. Ta zauna a kujerar da take zama, ta jawo Yaya ta kalli fuskarta ta girgiza kai, ta ce, "Ai ni tuntuni na faɗa. Ba sai likita ya ce gado ne ba. Mu dai a zuri'armu ba a taɓa ganin irin wannan ba."

Mamansu na zuba mata shayi. Ta ajiye butar a hankali, ta kalle ni.

Na buɗe baki. Na rantse na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Inna, ki sha shayinki kar ya huce."

Mamansu ta tashi ta shige kicin.

Yaya ce ta yi maganar. Ba ta ɗaga murya ba. "Kaka, na Baba ne. Likita ta duba shi, yana da su. A wajensa na samu, ba a wajen Mama ba."

Tsohuwa ta ce, "Ke, rufe min baki." Sai ta juyo gare ni tana jiran in ƙaryata. Na miƙa mata hannuna. Ta kama yatsan ta kawo kusa da ido, ta daɗe tana juya shi. Da ta sake shi muryarta ta sauya.

"Babanka yana da irin wannan. Biyu, a ƙafa. Shi ya sa ba ya son rufaffen takalmi."

Shayin ya huce. Can ta dafa gwiwa ta miƙe, ta nufi kicin, wurin da ban taɓa ganin ta shiga ba a gidan nan. Na ji ta ce, "Kawo wuƙar in taya ki." Na ji Mamansu ta ce, "Bar shi, Inna, na kusa gamawa." Sannan na ji ƙarar yanka albasa, hannu biyu daban-daban.

Yarinya ce ta yi aikin da ya kamata namiji ya yi, ina zaune.

Lahadi, da safe

Mamansu ta ce, "Shekara goma sha ɗaya ina shan wannan maganar. Ban taɓa cewa ka san naka ne ba, na yarda ba ka sani ba. Amma ko da nawa ne, da sai ka bar Inna tana faɗa?"

Ta ce ta san ba ni da amsa, kawai tana so ta faɗa ne.

Talata, da rana

An ɗauke mu hotunan. Na kwanta aka shafa min wani abu mai sanyi a ciki. Mai aikin ya ce kar in motsa, in riƙe numfashi. Maganar da nake faɗa wa mutane kullum.

Laraba

Babu labari.

Alhamis

Babu labari. Yaya ta shafa man nata. Tana karatu a falo yanzu, in na shigo sai ta tattara littattafan.

Litinin, da yamma

Sakamako ya fito. Kan Yaya lafiya, ƙodarta lafiya, za a riƙa dubawa lokaci-lokaci. Ni akwai wani ɗan abu a ƙodar hagu, likitar ta ce ba na tashin hankali ba ne yanzu, amma kar in yi wasa da zuwa.

Sannan aka duba Auta. Aka kashe fitila, tana ta dariya wai haƙoran likita sun zama shuɗi. Aka juya ta gaba da baya. Likitar ta ce ba ta ga komai ba, a dai sake kawo ta nan gaba.

Na ce "Alhamdulillahi" da ƙarfi. Na ɗaga Auta sama, na sumbaci kumatunta, wannan da wancan, na ce, "Ke kam kin tsira, 'yar Baba."

Da aka kunna fitila Yaya na tsaye a jikin ƙofa tana kallona.

Me ya sa ba zan iya riƙe bakina ba a inda ya kamata, kuma ba zan iya buɗe shi ba a inda ya kamata?

Laraba, da la'asar

Ta zo shago. Ba kowa. Ba ta zauna a kujerar hoto ba, ta zauna a kan akwatin takardu kusa da firinta.

Ta ce, "Baba, tambaya zan yi maka, kar ka ce min haske."

Na ce to.

"Da kake gogewa, ɗaya bayan ɗaya ka bi su?"

Na ce eh.

"Sai da ka ƙara girman hoton ke nan, ka matso da fuskata kusa."

Na ce eh.

Ta gyaɗa kai, tana wasa da igiyar jakarta. "Na san suna nan. Kullum da su nake wanke fuska. 'Yan ajinmu suna da sunan da suke kirana, ban taɓa faɗa muku ba. A bas yara na nuna ni. Duk wannan na saba. Amma ni a tunanina kai ba ka ganinsu. In na shigo gida ka ce ''yar Baba ta dawo,' sai in ce to, ga mutum ɗaya da ba ya gani. Ranar da ka miƙo min katin na ga hoton, na so in yi magana, na kasa. Na ce watakila haka yake ganina. Sai da mutumin nan ya kara shi a fuskata na gane. Kana ganinsu. Har ka ƙirga su."

Na ce ina so ne kar a yi mata dariya.

Ta ce, "To an yi."

Na ce ta yafe min. Kalmar ta fito a bushe, kamar wadda ake faɗa wa mutumin da aka taka wa ƙafa a kasuwa. Ta miƙe ta rataya jaka. A ƙofa ta ce, "Ban ce a'a ba. Ban dai gama fushi ba."

Na rufe shago da wuri. Na zauna a ciki da fitilu a kashe.

Juma'a, da safe

Jan ya fara raguwa. Mamansu ce ta lura. Ni ma na lura tun shekaranjiya, amma wa ya isa ya faɗa.

Talata, da yamma

Ta rubuta jarrabawar. Mai duba kati ya kalla sau ɗaya ya ce ta wuce. Ta ce tambaya ta uku ta yi wuya. Uwarta ta faɗa wa, amma a falo, ina zaune, kuma ba ta rage murya ba.

Asabar, da la'asar

Yau aka yi na injin.

Mutum ɗaya ake bari ya shiga da ita. Mamansu ta riga ta miƙe, Yaya ta ce, "Mama, ke ko allura aka yi wa Auta sai kin zauna a ƙasa. Baba ya shigo."

An shafa mata man kashe zafi, ta jira ya kama. Ta kwanta, aka rufe mata idanu, ni da likita da nas muka sa baƙin tabarau. Likitar ta ce kumatun dama kawai za a yi yau da gefen hanci, sauran sai wannan ya warke. Ta ce min, "Ka tsaya ta nan kusa da kanta, ka riƙe hannunta. In za ka faɗi, ka faɗi baya."

Injin na yin tas, tas, tas. Wari kamar an babbaka gashi. Duk tas ɗaya sai ta matse min yatsu, daidai kan ɗan naman nan, zafin har cikin kaina. Ban janye ba. Hawaye na gangarowa ta ƙarƙashin abin rufe idon zuwa kunnenta, nas na gogewa. Babu kalanda a ɗakin. Na kalli fuskarta tun daga farko har ƙarshe.

A tsakiya ta ce, "Baba, kana nan?"

Na ce ina nan.

"Saura da yawa?"

Na so in ce saura kaɗan. Na duba. Na ce, "Da saura. An yi kamar rabi."

Ta ce to, ta ƙara matse hannun.

A bas ɗin dawowa ta sa hula mai faɗi, fuskar ta yi jawur tana ƙyallin magani. Wata dattijuwa a gabanmu ta yi ta waiwaye, har ta kasa haƙuri ta ce, "Bawan Allah, me ya sami yarinyar? Ruwan zafi ne?"

Na ce, "A'a, Mama. Ciwon fata ne na gado, a wajena ta samu. Magani ake yi mata." Na ci gaba, na faɗa mata zancen man shafawa, da injin, da cewa ba a ɗauka, har na nuna mata yatsana. Rabin motar na saurare.

Yaya ta ce a hankali, "Baba, ya isa. Ba hira ta ce ka ba ta ba."

Bayan tasha biyu ta jingina kanta a kafaɗata, ta ɓangaren da ba a ƙona ba.

Lahadi, da safe

Ta kumbura sosai, idon dama ya kusa rufewa. Likitar ta ce haka zai yi, sannan ya yi ɓawo, kar a ɓanɓare.

Ina wucewa ta ƙofarsu ta kira ni. Ta ce in ɗauko mata madubin Mamansu na hannu, in riƙe mata za ta shafa magani. Na zauna a bakin gado na riƙe.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Kamar tumatirin da mota ta taka." Ta so ta yi dariya, fatar ta ja ta, ta ce wash.

Sannan ta ce, "Ka ji abin da likita ta ce ko? Ba duka za su tafi ba. Wasu ma za su dawo."

Na ce na ji.

"Ko an gama duka, ba zan zama kamar waccan ba."

Na ce na sani.

Ta lakato maganin a yatsa, ta matso. Ta ce, "To riƙe da kyau, Baba. Hannunka na rawa, ba na ganin komai."